Darasin Kimiyya: Yadda Ake Sa wa Ƙaramin Jirgin Ƙasa Murya

Manufar darasi

Ɗalibai, yau za mu koyi yadda ake haɗa na'urar sauti da ake kira dikoda a cikin kan jirgin ƙasa na kwaikwayo. A ƙarshe ina so kowa ya san aikin kowace waya, ya kuma gane abin da ya sa ba a yarda wutar dogo ta taɓa moto kai tsaye.

Shimfiɗa

A Jamus da Ingila da Amurka, manya da yara suna gina ƙananan layukan dogo a gidajensu. Girman da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO: jirgin kashi 1 ne cikin 87 na jirgin gaske, faɗin dogonsa milimita 16.5.

A da, ƙarfin wutar da aka sakar wa dogo shi ke sa jirgi gudu, don haka duk jiragen da ke layi ɗaya tare suke tashi, tare suke tsayawa. Sai kamfanin Lenz na Jamus ya fito da tsarin DCC, wanda ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mayar da shi ƙa'ida a shekarun 1990. A nan wuta tana kan dogo kullum, wajen volt 14 zuwa 16, tana juya fuska da sauri. Gajeren juyi yana nufin 1, dogon juyi 0. Ke nan wutar ce abinci, ita ce kuma saƙo. Kowace dikoda tana da lambarta, ba ta amsa kiran da ba nata ba, kamar ɗalibi a lokacin kiran suna.

Kayan aiki

Dikoda mai sauti, ƙaramar lasifika da akwatinta, mitar awon wuta, ƙarfen narka dalma, rizista, da salatif.

Mataki na farko: raba moto da dogo

Moto shi ne ƙaramin injin da ke juya ƙafafun jirgi. A tsofaffin jirage, wuta takan bi ta ƙafafu, wani lokaci ta gangar ƙarfen jirgin, ta isa gare shi. Dole a yanke wannan hanya gaba ɗaya. Dalili kuwa, dikoda tana karɓar wutar dogo, ta daidaita ta, sannan ta riƙa tsakura wa moto gwargwadon gudun da ake so. Idan wutar dogo ta kutso ta ƙofar da dikoda ke fitar da tata, nan take za ta ƙone.

Kada ku amince da ido. Ku ɗora bakin mita ɗaya a kan ƙafar jirgi, ɗayan a kan kowane bakin moto. In mita ta yi ƙara, da sauran haɗi a ɓoye. Rigakafi ya fi magani.

Mataki na biyu: launukan waya

1. Ja: dogon dama.
2. Baƙa: dogon hagu.
3. Ruwan lemo da ruwan toka: bakin moto biyu.
4. Shuɗiya: uwar wutar fitilu.
5. Fara: fitilar gaba.
6. Ruwan ɗorawa: fitilar baya.

In fitilar LED ce, a sa mata rizista mai kimanin om 1,000 don kada ta mutu. Sababbin jirage da yawa suna zuwa da soket mai baki 8 ko 21, sai dai a cusa dikoda kawai. Duk inda aka yi dalma, a rufe shi ruf.

Mataki na uku: lasifika

Wayoyi biyu ne ke zuwa lasifika, launinsu ya danganta da kamfani. A duba takardar dikoda, a zaɓi lasifikar da ta dace, yawanci mai om 4 ko 8. Ku lura da wannan: fatar lasifika in ta tura iskar gaba, tana janye ta baya. Idan iskokin biyu suka gauraya sai su kashe juna, muryar ta zama siririya. Shi ya sa ake toshe bayanta da akwati marar ko ƙaramar kafa, kamar yadda kalangu ba ya amo sai da kogon icensa.

Mataki na huɗu: gwaji

A fara ɗora jirgin a kan layin gwaji, mai ƙarancin wuta, inda kuskure ba ya saurin yin ɓarna. Sabuwar dikoda tana zuwa da lamba 3. In ta amsa, a mayar da jirgin babban layi, a saurari gurnanin inji yana ƙaruwa tare da gudu. In ya yi baya alhali an ce gaba, a musanya ruwan lemo da ruwan toka.

Aikin gida

1. Me ya sa jirage biyu za su iya gudu daban-daban a layi ɗaya?
2. Zana dikoda da wayoyinta, ka nuna inda kowace ta nufa.
3. Bayyana abin da zai faru in moto yana taɓa gangar jirgi aka sakar masa wuta.