Kafin ka yi odar kifin Parosphromenus

'Yan'uwa masu sha'awar kifin ado, wannan ɗan kifin bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Gidansa fadamun Malesiya da Indonesiya masu baƙin ruwa kamar shayi, waɗanda gonakin kwakwar manja ke cinyewa. Shi ya sa nake cewa kar a saye shi don gayu.

Matan kusan kamarsu ɗaya, a launin fikafikan namiji ake gane iri. Tambayi dillali inda aka kamo shi, ka nemi izinin hukumar NAQS kafin shigowa da shi.

Ni a Furfuri ruwan sama zan tara masa, in jiƙa busasshen ganye har pH ya sauko ƙasa da 6. Abinci kuwa mai rai yake so, irin ƙananan tsutsar sauro. Babbar rigimar ita ce zafin Afrilu, ga kuma ba wuta.