Ƙafa Ce Ke Riƙe Da Ɗan Dambe

Yarana, ran Asabar da la'asar na biyo ta filin da kuke atisaye, na samu gindin darbejiya na zauna ina kallonku har aka kira magariba. Na ga ƙoƙari, Allah ya yi muku albarka. Na ga gwangwanayen da kuka cika da siminti kuna ɗagawa, na ga buhun yashin da kuka rataye kuna ta jibga. Damatsa sun cika, ƙirji ya buɗe. Amma da biyu daga cikinku suka ɗaura zare suka sa juna gaba, sai ɗaya ya kai naushi ya sami iska, ƙarfin hannunsa ya ja shi, ya yi taga-taga har ya dafa ƙasa. Kuka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, domin a gidan dambe wannan taga-tagar ake jira. Ɗan taɓi kaɗan ya isa a ce an kashe shi.

Kun fi ni sanin dokar. A dambenmu ba a tsayawa ƙirga wa mutum goma kamar yadda ake yi a damben Turawa. Aka buge ka hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa, magana ta ƙare, ko da a turmin farko ne. Kokawa ma kaye ne ke raba gardama. Ku duba gasar kokawar takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, ku duba irin su Issaka Issaka na Dosso da ya ɗauki takobin ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. In kuna kallonsu a waya, ku ɗan bar kallon ƙirji, ku sauke ido ƙasa. Za ku ga gwiwa a lanƙwashe, ƙugu ya sauka, ƙafafu a ware daidai, ba sa harɗewa ko da ana juyi.

Can Japan ma haka suka fahimta. Mutumin da ya kafa judo a 1882, sunansa Jigoro Kano (ba Kanonmu ba, suna ne kawai ya zo ɗaya), ya gina wasansa a kan abin da suke kira kuzushi, wato ka fara tumɓuke tsayuwar mutum kafin ka nemi kayar da shi. Wanda nauyinsa ya riga ya bar kan ƙafafunsa, yaro ma sai ya kai shi ƙasa.

Ni da jikina na koyi wannan. Ina saurayi, wata kaka bayan an gama girbin gero, aka buga gangar kokawa a garinmu. Lokacin ina ji da kaina, buhun hatsi ni kaɗai nake ɗora shi a kan jaki. Sai wani siririn makiyayi ya fito mini, har na ji kunyar kama shi. Na tura, ya ƙi turuwa. Na ja, ya biyo ni kamar igiya. Da na fusata na zuba dukkan nauyina gaba, sai kawai ya goce, ya sa mini ƙafa. Ban san lokacin da na cika baki da ƙasa ba. Daga baya na riƙa ganinsa a daji yana kiwo, tsaye a kan ƙafa ɗaya, ɗayar a ɗore bisa gwiwa, ya jingina da sanda. Haka yake wuni. Ashe atisayen da ni ban taɓa yi ba, shi kullum a cikinsa yake.

Likitoci sun ce abu uku ne ke tsayar da mutum. Akwai ido. Akwai can cikin kunne, inda wasu 'yan bututu uku masu ruwa a ciki suke sanar da ƙwaƙwalwa duk inda kai ya juya. Sai kuma jijiyoyin tafin ƙafa da idon sawu da gwiwa, masu jin ƙasa ba tare da an duba ba. A fage, ido yana kan hannun abokin karawa, ba shi da lokacin duba ƙasa. Kunne kuwa naushi ɗaya a muƙamuƙi ya isa ya rikita shi. Saura ƙafa. Ita ya kamata ku fi ba wa horo, ita kuma kuka bari.

Ku gwada yanzu. Ku cire takalmi, ku tsaya a kan ƙafa ɗaya, ku ƙirga talatin. Da sauƙi, ko? To ku rufe ido ku sake. Za ku ji idon sawu yana rawa, yatsu suna damƙar ƙasa. Wannan rawar ita ce karatun, kada ku ji haushinta. Kullum safe da yamma, kowace ƙafa sau uku. In ta zauna, sai ku ƙara wuya: ku riƙa juya kai hagu da dama, ko ku kai naushi a hankali kuna tsaye a haka, ko wani ya riƙa jefo muku lemo kuna cafewa. Kada ku fifita ƙafar da kuka fi jin daɗinta. Ragguwar ƙafa ita abokin karawa zai nemo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kun raina langa, wai wasan yara ne. Ku gaya mini, wane atisaye ne ya haɗa abin da langa ta haɗa? Ƙafa ɗaya a riƙe a hannu, kana tsalle da ɗaya, wani yana bangazarka da kafaɗa, kai kuma kana kare ruwa har ya kai gida. Mu da muka tashi muna yin ta a dandali da farin wata, ba mu san muna gina ƙafa ba. 'Yan takwando da ke cikinku su fi kowa riƙe ta, tun da rabin wasansu a kan ƙafa ɗaya ake yi. Abdurrazak Alfaga na Nijar, duk tsawon nan nasa, da bai iya tsayuwa a kan ƙafa guda yana harbi da ɗayar ba, da bai kawo azurfa daga gasar Olamfik ta 2016 ba.

Na ji ɗayanku yana cewa sai ya tara kuɗi ya sayi faifan nan mai lilo da ake gani a gidajen motsa jiki. Yana da amfani, musamman ga wanda ya taɓa targaɗe, domin idon sawun da ya taɓa gurɗewa yakan so ya sake, kuma irin wannan horo yana rage hakan. Amma ba sai kun jira kuɗi ba. Guntun katako mai kauri a ɗora bisa guntun bututun ƙarfe, ya zama faifai. Tsohuwar taya a kwance, ku tsaya a kan gefenta biyu kuna naushin iska. Azara a shimfiɗe a ƙasa, ku bi ta gaba da baya. Rairayin rafi da rani kuwa ya fi su duka. Sai dai ku fara kusa da bango ko kafaɗar aboki, kuma ku sani fage ba ya lilo, mutum ne ke tura ku. Don haka ku riƙa tsayawa biyu-biyu, tafi da tafi, kowa na neman ya ɗaga ƙafar ɗan'uwansa daga inda ya dasa ta. Ku yi wannan har a ƙarshen atisaye, lokacin da cinya ta fara kakkarwa, domin a turmi na uku ba da sabuwar ƙafa ake tsayawa ba.

Abu biyu nake roƙonku saboda Allah. Wanda ya sha naushi a ka har yake jin jiri, ko amai, ko gani biyu-biyu, ya kwance zare ya je asibiti, kada kirarin makaɗa ya mayar da shi fage. Ƙwayar nan kuma da ake ce muku tana kashe zafin duka, ba zafi kaɗai take kashewa ba, har jin ƙasar da kuke wahalar koyo take dusashewa.

Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan dawo. Ku nemo taya biyu wurin mai faci, ku share filin daga ƙaya da kwalba, ku rabu gida biyu. Gwiwata ba ta ɗaukar langa yanzu, amma alƙalanci zan iya.