Bukukuwan Diyonisus da Bakus: Matsayin Hukuma a Atina da Rum

Girkawan dā sun ɗauki Diyonisus a matsayin abin bautar giyar inabi, Rumawa kuwa suna kiran sa Bakus. Abin bauta guda ne, amma hukumomin Atina da Rum sun tafiyar da bukukuwansa ta hanyoyi mabambanta.

A Atina, hukuma ce ke shirya Babban Bikin Diyonisiya kowace shekara, wajen ƙarshen Maris. Akan kewaya da gunkinsa, a yanka bijimai, sannan a yi gasar wasan kwaikwayo, attajirai na ɗaukar nauyin 'yan amshi. An ruwaito cewa Tesfis ne ya fara lashe gasar, wajen shekarar 534 kafin Miladiyya.

A Rum kuwa, cikin dare da sirri ake yin Bakanaliya. A shekarar 186 kafin Miladiyya Majalisar Dattawa ta taƙaita shi: mahalarta ba za su wuce biyar ba sai da izini, an kuma hana asusun haɗin gwiwa da rantsuwar ƙungiya. Masanin tarihi Libi ya ce an zargi fiye da mutum 7,000.

Waɗannan sharuɗɗa sun nuna cewa ƙungiyar da ta fita daga ikon hukuma Rum take tsoro, fiye da maye. Atina ta riƙe ragamar bikin, don haka ya zama tushen adabi.