Amsoshin Tambayoyinku: Kishinsa Kariya Ce Ko Takura?

TAMBAYA: Ni budurwa ce a Mamobi, ina sayar da atamfa da mayafai a kasuwar Nima. An kai goron tambayata, an sa rana bayan Babbar Salla. Tun daga nan wanda zan aura ya canza. Ya karɓi lambar buɗe wayata, yana karanta saƙonnina na WhatsApp. Ya ce in daina kula maza masu sayayya, ya kuma raba ni da ƙawata ta tun makaranta. In ina cikin motar haya ta trotro ban ɗauki kiransa ba, ranar babu zaman lafiya. Ya ce kare ni yake yi don gari ya lalace. Mamata ta ce so ne, in yi haƙuri. Shin haka so yake?

Daga wata 'yar'uwa a Mamobi

AMSA: Kin yi daidai da kika tambaya tun ba a ɗaura ba, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Kishi dai halitta ne. An ce kumallon mata ne, amma maza ma ba su tsira ba, kuma duk mai son abu yana tsoron rasa shi. Zaman Zango kuma yana rura wannan tsoro. Gidajenmu na haya ne, tsakar gida ɗaya, lungu a matse, kowa yana ganin shigar kowa da fitarsa. In kin tsaya gaisawa da wani a bakin titin Nima, kafin magariba labarin ya kai majalisar masu shan ataya, an ƙara masa gishiri. Mai yiwuwa irin wannan zuga ce take cin saurayinki. Sai dai sanin dalilin tsoronsa bai halatta masa abin da yake yi ba.

Ga ma'aunin da za ki riƙe. Mai kare ki yana duba haɗarin da ke waje: ya raka ki tasha in dare ya yi, ya tambaya ko kin isa lafiya, ya tsaya miki in wani ya ci mutuncinki. Bayan ya yi haka, hankalinki kwanciya yake yi. Mai takura kuwa ke ce yake ɗauka haɗarin, shi ya sa yake gadinki. Ki lissafa abin da kika rasa tun da aka sa rana: sirrin wayarki, ƙawarki, ga cinikinki yana shirin bi. Shi me ya rasa? In kullum ke ce mai raguwa, kuma gabanki yana faɗuwa duk lokacin da waya ta yi ƙara, to abin ya wuce kulawa, ya zama mulki.

Wasu za su ce addini ne ya ba shi wannan dama. Amma aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana yawan zato da binciken asirin mutane. Hadisi ya raba kishi gida biyu: wanda ke da dalili na zahiri, da wanda ba shi da tushe, wanda Allah yake ƙi. An ma hana miji ya faɗo wa iyalinsa da dare don neman kama su da laifi. In an hana miji, ina ga wanda bai biya sadaki ba? Har yanzu kina ƙarƙashin waliyyinki. Batun sana'a kuma, Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, 'yar kasuwa ce, kuma dukiyar mace tata ce a Musulunci.

Abin da za ki yi ke nan. Ki zauna da shi da rana, a gidanku, lokacin da babu fushi. Ki faɗa masa cikin ladabi abin da kika yarda da wanda ba ki yarda ba: za ki sanar da shi in za ki yi nisa, za ki kiyaye mutuncinsa a kasuwa, amma wayarki taki ce, sana'arki tana nan, zumuncinki ba zai yanke ba. Ki canza lambar buɗe wayar, ta asusun kuɗinki na MoMo kuwa kada ki ba kowa. Ke ma ki riƙe wannan iyaka, kada ki leƙa tasa. Sannan ki sanar da babanki ko kawunki, a yi maganar sana'ar a gaban manya da limamin unguwa kafin ɗaurin aure. Mamanki alheri take nufi, amma ki zayyana mata komai dalla-dalla, don haƙuri ba ya gyara abin da ba a faɗa ba.

Daga nan sai ki zuba ido. In ya saurara, ya ji nauyi, ya sauya har tsawon lokaci, akwai fata. In ya zage ki, ko ya yi barazana, ko ya ɗaga hannu, kada ki jira. Dokar Ghana ta 2007 kan cin zarafi a cikin gida, mai lamba 732, ta haɗa da tsoratarwa da musgunawa ta baki da tauye tattalin arziki, ta kuma shafi masu neman aure. Kotu tana iya ba da umarnin kariya, kuma sashen DOVVSU na 'yan sanda yana karɓar irin wannan ƙara. In ya yi barazanar yaɗa hotunanki na sirri, dokar tsaron intanet ta 2020 ta sa hakan cikin laifuka.

'Yata, mayar da goro ya fi sauƙi a kan fita da saki da goyo. Kada kunyar mutanen unguwa ta sa ki shiga gidan da tun yanzu kike jin tsoronsa. Ki yi istihara, ki yi shawara da manyanki, ki faɗi iyakarki a fili. Allah ya zaɓa miki mafi alheri.