Ba Kowane Ciwon Gwiwa Ne Targaɗe Ba

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, wani rauni da na ji a wasan ƙwallo na sashenmu shi ne silar wannan maƙala. Na juya da sauri, ƙafata na kafe a ƙasa, sai gwiwar ta ce ƙas! Mai ɗori ya murza, ya ce targaɗe ne. Bayan wata uku gwiwar ta riƙa maƙalewa, ta ƙi miƙewa. Sai a asibiti aka gano guringuntsi ne ya yage.

Abin Da Ke Cikin Gwiwa

Kalmar "jijiya" tana da faɗi a Hausa: hanyar jini jijiya ce, mai kai saƙo ƙwaƙwalwa ma jijiya ce. A gwiwa kuwa ya kamata a rarrabe abubuwa uku:

1. Guringuntsi: akwai guda 2 masu siffar jinjirin wata, su ne matashi tsakanin ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri.
2. Jijiyar da ke ɗaure ƙashi da ƙashi. Idan ta tsinke, gwiwa takan riƙa zamewa.
3. Agara, wadda ke haɗa tsoka da ƙashi.

Ganowa

Likita zai tambayi yadda abin ya faru, sannan ya lanƙwasa gwiwar ya jujjuya ta. Hoton ƙashi ba ya nuna yagewar guringuntsi, sai hoton maganaɗisu, wato MRI.

Magani

Taimakon farko shi ne hutu, ɗora ƙanƙara, ɗauri da bandeji, da ɗaga ƙafa. Gefen waje na guringuntsi yana samun jini, saboda haka ana iya ɗinke shi ya warke. Na ciki kuwa jini bai cika isa gare shi ba, akan datse inda ya yage ta 'yar kafa, da taimakon ƙaramar kyamara. Bayan tiyata sai motsa jiki a hannun ƙwararru.

Dubi Ronaldo na Brazil. Jijiyar ƙoƙon gwiwarsa ta yage a 1999, ta tsinke gaba ɗaya a Afrilun 2000, mintuna kaɗan da dawowarsa fili. An yi masa tiyata a Faris, ya jima yana jinya, amma a gasar cin kofin duniya ta 2002 ya ci ƙwallo 8.

Kammalawa

Ni dai jinkirin wata uku ya raba ni da kakar wasa guda. Idan gwiwa ta kumbura nan take, ko ta maƙale, ko ta kasa ɗaukar mutum, a garzaya asibiti. Sanin sunan ciwo shi ne farkon maganinsa.