Jarrabawar Auna Hankali Ga Masu Neman Koyon Aikin Likita a Ingila

An shirya wannan bayani ne domin Hakimai da Malamansu, gama su ne iyayen yara kan tunkara da tambaya in yaro ya gama makarantar sakandare, ya ɗaura niyyar zuwa Ingila koyon aikin likita. Akwai wata jarrabawa da yawancin makarantun likita na can ke bukata kafin su karɓi ɗalibi, wadda ake kira UCAT. An fara ta a shekarar 2006 da sunan UKCAT, aka sāke mata suna a 2019. A kan kwamfuta ake yin ta, sau ɗaya tak a shekara. Wanda ya yi bai ji daɗin sakamakonsa ba, sai ya dakata sai baɗi.

Sassanta na farko na gwada saurin fahimtar karatu ne da lissafi da yanke shawara. Sashen ƙarshe kuwa, wanda aka ƙara a 2013, shi ne abin magana a nan. Ba a tambayar yaro sunan ƙashi ko na magani a cikinsa. Sai a ba shi ɗan gajeren labari na wani abin da ya faru a asibiti ko a aji, a jera masa abubuwan da mutum zai iya yi, a ce ya auna kowanne: ya dace ƙwarai, ko ya dace amma da sauran gyara, ko bai dace ba amma ba mummuna ba ne ainun, ko kuwa bai dace ba ko kaɗan. Wasu tambayoyin kuma a ce ya faɗi nauyin wani dalili, ko babba ne ko ƙarami. A shekarar 2024 tambayoyi 69 aka yi cikin minti 26, watau kowace tambaya ba ta kai rabin minti ba. Amsar da ta yi daidai da ta ƙwararrun da suka tsara jarrabawar tana samun cikakken maki, wadda ta yi kusa da ita kuma a ba ta wani abu. Daga nan a raba ɗalibai daraja huɗu. Ta 1 ita ce sama. Akwai makarantun da ba su duba takardar wanda ya faɗa daraja ta 4, kome yawan makinsa a kimiyya.

To, yaron da ya tashi a gidan tarbiyya zai ɗauka wannan sashe ba shi da wuya, tun da an koya masa ladabi da kunya da girmama na gaba. Nan ne kuwa inda yake iya zamewa, domin ma'aunin da ake awo da shi ba daidai yake da na zauren gida ba. Ma'aunin na Majalisar Likitoci ta Birtaniya ne, wadda aka kafa tun 1858, yana kuwa rubuce cikin littafinta mai suna Good Medical Practice, wanda sabon bugunsa ya fara aiki a watan Janairu na 2024. Kyauta ake samunsa a intanet. Jigonsa shi ne lafiyar majiyyaci tana gaba da kome, har da girman babba.

Ga misali. Ɗalibi ya lura babban likitan da ke koya masa ya shigo ɗakin majiyyata yana warin barasa, ga shi zai fara duba mutane. Bisa al'adar ƙasar Hausa yaro ba ya tona asirin babba, sai ya sunkuyar da kai ya bar wa Allah. A wannan jarrabawa yin shiru bai dace ba ko kaɗan. Haka nan ɗaga murya a kunyata likitan gaban majiyyata bai dace ba. Abin da ake so shi ne ɗalibi ya keɓe shi ya yi masa magana, ko ya sanar da wani babba mai alhaki nan take, tun kafin a taɓa majiyyaci. Ladabin yana nan a cikin yadda aka yi maganar, amma magana tilas ne a yi ta. Mutanen Ingila sun sha wuya kafin su tsananta a kan wannan. Tsakanin 2005 da 2009 majiyyata sun wahala ƙwarai a asibitin garin Stafford saboda rashin kulawa, binciken da lauya Robert Francis ya shugabanta, wanda rahotonsa ya fito a 2013, ya nuna cewa tsoron magana da ya kama ma'aikata yana cikin abin da ya bar ɓarnar ta daɗe.

Wani wurin zamewar shi ne riƙon asiri. A ƙasar nan in mutum ya kwanta asibiti, kawunsa ko surukinsa kan tari likita a tsakar gida ya tambayi abin da ke damunsa, a kuwa gaya masa, don an san shi ne zai biya kuɗin magani. A ƙa'idar can ba a faɗi ciwon baligi mai hankali ga kowa ba sai da yardarsa, ko da wanda ya tambaya mahaifinsa ne, in ba cikin wasu lalurori kaɗan da doka ta keɓe ba. Malaman Hakimai ba za su ga baƙon abu a nan ba, gama su ma takardar sirri kan biyo ta hannunsu, ba su kuwa karanta wa ɗan'uwa don ya roƙa.

Sauran kuma ba su da tsawon bayani. Aboki ya ce a sa masa hannu a littafin halarta alhali bai zo ba: wannan ƙarya ce, ba zumunci ba. Majiyyaci ya ɗauki ɗalibi a kan likita ne: ya gyara masa nan da nan. An ba ɗalibi aikin da bai iya ba: ya faɗi bai iya ba, ya nemi wanda ya iya. In kuskure ya auku, a faɗa, a ba da haƙuri, a rubuta. In kuwa saɓani ne kurum tsakanin abokan karatu, ba ran kowa cikin hatsari, ana son a fara magana da mutumin tukuna kafin a kai ƙara sama. Mai saurin kai ƙara a kan ƙaramin abu yana hasarar maki kamar mai shiru a kan babba.

Game da shiri, Hakimai su gargaɗi iyaye kada su yi gaggawar zuba kuɗi ga masu tallar koyar da sirrin jarrabawa. Hukumar UCAT da kanta ta ajiye tambayoyin gwaji kyauta a intanet, tare da dalilin kowace amsa. Yaro ya karanta littafin Majalisar Likitoci da natsuwa, sa'an nan ya riƙa yin gwajin da agogo a gabansa. Duk amsar da ya kuskure ya tsaya ya karanta dalilinta, gama a nan ne karatun yake. Ya kuma kula ya amsa a matsayin wanda labarin ya ambata, in ɗalibi ne ɗalibi, kada ya ɗora wa kansa ikon likita. Yaron da bai saba da kwamfuta ba a nema masa inda zai saba da ita tun da wuri.

Ana zama jarrabawar ne daga Yuli zuwa Satumba, rajista kuwa kan buɗe kafin nan, takardar neman gurbin koyon likita kuma ana rufe karɓarta tsakiyar Oktoba. Malamin Hakimi ya duba ainihin ranakun kowace shekara a shafin hukumar, ya rubuta wa iyayen yaron, ya kuma tabbata yaro yana da fasfo mai aiki wanda sunansa ya yi daidai da na rajista, domin ba a shiga ɗakin jarrabawa sai da shaida mai hoto.