Kalmar CHANGE: Asalinta da Ma'anoninta

Da hutun da ya wuce na gaya wa kakata a Ajingi cewa "canji" ba Hausa ba ce. Ta ce, "Kai yaro, boko ya ruɗe ka! Tun ba a haifi ubanka ba nake ba da canji a kasuwa." Wannan gardama ce ta sa na bi sawun kalmar.

Canji dai daga change ta Turanci ta fito, kuma daga gare ta muka ƙera canza. Amma su ma Turawan Ingila aro suka yi. A 1066 Normawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada. Ta haka changier ta shiga Turanci wajen ƙarni na 13. Ita kuwa daga cambiare ta Latin take, wato yin musaya. Ashe tun asali 'yar kasuwa ce. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, ta biyo kuɗinsu ta shigo bakinmu.

Ga ma'anoninta guda huɗu. Ta farko, abu ya sake kama: The weather has changed, yanayi ya sauya. Ta biyu, sake tufafi. In aka ce He went to change, riga ya tafi sakewa, ba halinsa ba. Ta uku, sauka daga wata mota a shiga wata: Change at Wudil, kamar yadda mutumin Gaya kan yi in zai je Kano bai sami mai zarcewa ba. Ta huɗu, musayar kuɗi, aikin 'yan canji na Wapa. Tsofaffi ba su manta da canjin 1973 ba, lokacin da fam ɗaya ya koma naira biyu.

To, a kula. Ran jarrabawa, wanda ya san ma'ana ɗaya tak zai fassara sauran a karkace, ya zubar da maki. Kuma kada baƙuwa ta kori 'yan gida: muna da sauya, sake da musanya, mu riƙa amfani da su.

Kakata dai har yau ba ta canza ra'ayi ba. Ta ce baƙon da ya shekara ɗari a gida ai ya zama ɗan gari. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.